Babban taron ƙungiya: riba ne ko asarar ranar kasuwa?

Duk 'yar kasuwar da ke cikin wata ƙungiyar gama kai ko asusun ajiya da bashi a jihar Maradi ta san wannan kira: shugabanni za su zo daga birni, ana son kowa da kowa ya halarci babban taro. A ƙauyukan Tagriss da ke gundumar Dakoro, amsa kiran ba ƙaramin abu ba ne. Mai tuyar ƙosai za ta kashe wuta, mai awon gero za ta kife tiya, ga kuɗin mota ko na amalanke, ga yara da za a bar wa maƙwabta. Abin tambaya a nan shi ne, me take komawa da shi gida?

Manyan kamfanoni a Turai da Amurka su ma suna irin wannan taro, inda shugaban kamfani ke tara ma'aikata baki ɗaya, yanzu ma har ta bidiyo, ya faɗa masu inda aka kwana. To amma ma'aikaci albashinsa na tafiya ko yana zaune yana saurare. Mai kasa kaya a rumfa kuwa, ranar da ba ta fita ba ta faɗi.

Duk da haka taron ba alfarma ba ce shugabanni ke yi wa jama'a. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta OHADA, wadda aka amince da ita a birnin Lome cikin watan Disamba na 2010, kuma Nijar na cikin ƙasashe 17 da ta shafa, ta wajabta a yi babban taro aƙalla sau ɗaya a shekara don a duba lissafi. Kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, ko mai jika biyar ne ko mai miliyan. A nan ake zaɓen shugabanni, a nan kuma ake iya sauke su. Wato wannan ce ranar da mai ɗan ƙaramin jari ke da ikon tsayar da ma'aji ta ce masa: nawa aka tara, wa aka ba bashi, wa bai biya ba?

Sai dai sau da yawa ba haka ake yi ba. A shimfiɗa tabarmi tun hantsi, manyan baƙi su iso bayan azahar, a yi ta jawabin godiya da kirari, sannan a karanto lissafi da Faransanci cikin gaggawa, mata na can baya ba su ko jin lasifika. Kafin a zo tambayoyi rana ta yi sanyi, kowa hankalinsa ya koma hanya. A tafa, a watse. Irin wannan taro, gaskiya, gara mutum ya ci kasuwarsa.

Abin mamaki, maganin yana nan gida. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a nan jihar Maradi a 1991 kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, bai dogara ga dogon jawabi ba. Mata kamar ashirin zuwa talatin ke haɗuwa duk mako, a buɗe akwati a gaban kowa, a ƙirga kuɗi da babbar murya, mabuɗai kuma suna hannun mata daban-daban. Ko wadda ba ta yi boko ba ta san abin da ke cikin akwatin.

Babbar ƙungiya ba za ta iya taron mako-mako ba, amma tana iya aron wannan ɗabi'a. A fara da lissafi, da Hausa, kafin jawabin kowane baƙo. A kauce wa ranar kasuwa da lokacin shuka da girbi. Inda mambobi suka yi yawa kuma garuruwa suka yi nisa, kowane reshe ya yi nasa zama tukuna, ya tura wakilai biyu ko uku da tambayoyinsa a rubuce, su dawo su ba da bayani a ranar zubi mai zuwa.