Sabon inji a tsohuwar Datsun: ƙarfi ya ninka, birki fa?

A Amurka, masu sha'awar tsofaffin motocin gudu sukan cire injin Datsun 240Z, wadda ta fito a 1969 da ƙarfin doki 151, su ɗora mata LS1 na Chevrolet Corvette ƙirar 1997, mai doki 345. A garejin gida suke aikin.

Ɗora injin ne mai sauƙi. Sai an ƙera masa mazauni, an haɗa wayoyin kwamfutarsa, an sauya famfon mai da lagireto.

Haɗarin yana ga birki da gangar jikin da tsatsa ta ci, domin ba a yi su don wannan ƙarfi ba. Masu dabara da su suke farawa. Tsohon injin kuwa adana shi suke yi, saboda mota mai injinta na asali ta fi daraja a kasuwa.