Kuɗin Waya, Lissafi da Kwamfutar Kwantam

Mai sauraro, ko kana Briqueterie a Yawunde ko bakin iyaka, kasa kunne. Kuɗin shanu da kake karɓa ta waya, lissafi ne kwaɗon da ke tsare su. Kwamfutar yau da sifiri ko ɗaya take aiki, ta kwantam kuwa tana riƙe biyun a haɗe. Shi ya sa masana ke fargabar wata rana ta ɓalle kwaɗon nan, ana kuma neman masu ƙera sabo.

Hanyar aikin? Lissafi da fizik tun daga lise, sai Jami'ar Yawunde 1, sannan cibiyar AIMS ta Limbe, da aka buɗe a 2013, inda waɗanda aka zaɓa ke karatu kyauta.

To Alhaji, yaron da Allah ya ba kan lissafi, kar a yi gaggawar tura shi shago.