Iya Ruwanka, Iya Kifinka: Haɗarin Cusa Tarwada a Ƙaramin Tanki

Kiwon tarwada ya shiga ƙauyukanmu sosai. Ƙungiyoyin mata da na matasa suna haɗa kuɗi su gina tankin siminti a bayan gida, ko su sayi na roba, su zuba 'ya'yan kifi. Sana'a ce mai kyau, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu, gama gonar kifi ta Panyam a Jihar Filato tana nan tun farkon shekarun 1950. Amma akwai kuka ɗaya da masu farawa suka saba yi: an zuba kifi 1,000, ranar kwashewa ba a sami ko rabi ba, kuma ba wanda ya ga gawarsu. Daga nan sai zargi ya tashi, a ce wani ya yi sata da dare. Sau da yawa ɓarawon yana cikin tankin. A wannan fitowa za mu bayyana yadda abin yake faruwa, da yadda za a kauce masa.

Abin da yake ruɗin mutane

Yawancin kifaye suna samun iskar numfashi daga cikin ruwa kaɗai. Tarwada ta bambanta. Tana da wata gaɓa a cikin kanta mai kama da reshen itace, wadda take ba ta damar leƙo kai ta shaƙi iska kamar mu. Shi ya sa takan daɗe da rai cikin taɓo, ko cikin baho a kasuwa, inda karfasa ba za ta jima ba. Wannan juriya ce take sa mai kiwo ya ɗauka ko nawa ya zuba za su zauna lafiya. To, rashin mutuwa dabam, girma dabam. Kifin da yake fama ya tsira da ransa ba ya yin nama.

Abin da yake faruwa cikin ƙaramin tanki

Abu na fari shi ne lalacewar ruwa. Kifi yana ci yana kashi a wuri ɗaya, kuma jikinsa yana fitar da wata guba mai suna amoniya, irin wadda take sa tsohon fitsari wari. Ragowar abincin da ya nutse yana ruɓewa ya ƙara mata yawa. Idan ruwa kaɗan ne kifi kuma da yawa, gubar tana taruwa da sauri. Sai kifin ya rage cin abinci, ya yi rauni, cuta ta same shi.

Abu na biyu shi ne cin juna. Tarwada mai babban baki ce, kuma ba ta san 'yar'uwa ba. Ko da uwa ɗaya ta haife su a rana ɗaya, waɗansu sukan yi saurin girma su bar sauran. A wuri matsattse, manyan ne suke kai wa abinci da fari, su ƙoshi, ƙananan su kwana da yunwa. Haka tazara take ƙaruwa kowane mako. Da zarar babba ta kai kamar ninki biyu na tsawon ƙarama, tana iya haɗiye ta ɗungum. Dalilin da ya sa ba a ganin gawa ke nan. Waɗanda ba a haɗiye ba sukan sha cizo, kuma da yake tarwada ba ta da ɓawo a jikinta, raunin yakan zama gyambo cikin ƙazamin ruwa.

Sai dai mu lura da wani abu. Yawan kifin kansa ba shi ne yake kawo faɗa ba. Masana sun ga cewa idan tarwada 'yan kaɗan ne a wuri, kowace takan kama gefenta ta yi ta kai wa na kusa farmaki, amma cikin taro wannan hali yakan ragu. Saboda haka manyan gonaki suna tara kifi masu yawa a tanki ɗaya. Amma su suna da injin da yake juya ruwa yana tace shi dare da rana, suna kuma rarraba kifin bisa ga girma. Wanda ya kwaikwayi yawansu, ba tare da ruwansu da aikinsu ba, shi ne yake yin hasara.

Mu yi lissafi

Tankin da yake da tsawon mita 2, faɗin mita 2, da zurfin ruwa mita 1, yana ɗaukar lita 4,000. Wato duro 20 ke nan na lita 200. Idan aka zuba kifi 1,000, kowane ɗaya yana da lita 4 kacal, kamar galan ɗaya. Yayin da suke kamar ɗan yatsa, tankin zai yi kamar babu kome a ciki. Amma ana so kowane ya kai kilo 1 cikin wata 5 zuwa 6. Ku yi tunanin kifi mai kilo 1 yana zaune cikin galan ɗaya na ruwa.

Ga kuma zancen abinci, wanda yake cin fiye da rabin kuɗin kiwo. Ko da abinci mai kyau ne, ana bukatar wajen kilo 1 domin a sami kilo 1 na kifi, sau da yawa ma fiye da haka. Kifi 1,000 za su ci wajen buhu 70 na kilo 15. Ƙungiyar da ba ta da wannan ƙarfi za ta fara rage musu ci a wata na uku, kuma yunwa ce babbar mai tayar da cin juna.

Shawararmu ga mai farawa, wanda yake canja ruwa da hannu, ita ce kada ya wuce kifi 40 a kowace lita 1,000. A tankin da muka ambata, kifi 160 ke nan, kuma buhu 11 zuwa 16 zai kai su kasuwa. Idan hannu ya faɗa, ruwa kuma ya wadata, sai a ƙara a zagaye na gaba.

Alamun da za a kula da su

Idan kifi suna rataye a saman ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, ko ruwan yana wari da kumfa, ko an ga farin rauni a jiki da gashin baki a gutsure, ko sun daina rububin abinci, to, tankin ya yi musu kaɗan ko ruwan ya ɓaci. A dakatar da abinci, a canja ruwa nan da nan.

Abin da za mu yi

1. A auna ruwan da ake iya samu a watan Maris da Afrilu, lokacin da rijiyoyi suke ja baya, kafin a yanke yawan kifin da za a saya.

2. A sayi 'ya'yan kifi masu girma ɗaya daga wurin da aka amince da shi. Waɗanda suka ɗan tasa sun fi tsada, amma sun fi tsira.

3. A tanadi tanki na biyu, ko da ƙarami ne. A watanni biyu na fari, a ware manya daga ƙanana kowane mako biyu. A yi wannan da sassafe, kafin a ba su abinci, a kuma yi hankali da ƙayarsu.

4. A ba da abinci sau biyu ko uku a rana a kan lokaci, a watsa shi ko'ina domin ƙanana su samu. Da hunturu kifi ba ya ci sosai, sai a rage.

5. A zubar da wani sashe na ruwan daga ƙasan tanki kowane kwana ɗaya ko biyu, a cika da sabo. Tsohon ruwan taki ne, a kai shi lambu.

6. A rubuta yawan kifin ranar zubawa da kowace ranar warewa, a gaban mutum biyu ko uku. Wannan littafi zai hana zargi tsakanin 'yan ƙungiya.

Mai neman ƙarin bayani yana iya tuntuɓar malamin gona na ƙaramar hukumarsa. Akwai kuma cibiyar binciken kifi ta ƙasa a New Bussa, Jihar Neja, kusa da tafkin Kainji.

'Yan'uwa, Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Kifi 160 da suka kai kilo ɗaya-ɗaya za su biya kuɗin makaranta, su kuma bar jarin zagaye na gaba. Kafin ƙungiyarku ta aika a sayo 'ya'yan kifi, ku zauna ku ƙirga duro nawa na ruwa da buhu nawa na abinci kuke da ikon samarwa, sa'an nan ku sayi daidai wannan.