Lissafin Dokin Rano a Dutse: Gidan Haya Na Cinye Masu Shi

Jama'a, a yi hattara! Wata annoba ta shigo Dutse, sannu a hankali tana cinye guzurin tsufan iyayenmu.

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, duk wanda ya karɓi giratuti sai ya ce ɗakunan haya zai gina wa ɗalibai. Wani ya sayar da gonar gado. Wani ya ci bashi.

Lissafin kuwa a baki ake yin sa, a majalisa. Ɗaki goma, a ce kowanne naira 100,000 a shekara, an tashi da miliyan guda. Sai a tafa. Dillali ya ce, "Alhaji, ai kafin ka yi fenti an kama."

Wa ya lissafa la'adar dillalin? Wa ya lissafa kwashe masai, da injin burtsatse in ya ƙone, da takardar kuɗin wuta ta KEDCO? Damina ta zo, kwano ya yi yoyo, silin ya kumbura ya rufto kan katifar yaro. Uban yaron ba dillali zai kira ba, mai gida zai kira.

Mun ga abin da ya faru a 2022. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi wata takwas tana yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Aka garƙame ɗakuna da kwado, gara na cin ƙyaure, mai bin bashi yana sallama a ƙofar gida.

Ba a gama farfaɗowa ba aka cire tallafin fetur a 2023. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000. Kuɗin gyara ya ninka. In ma'aikaci ne ya kama ɗakin, albashinsa bai ninka ba a lokacin, kuma ba a korar mutum da iyalinsa don ya ce a yi masa haƙuri zuwa ƙarshen wata.

Ya zama wajibi mu daina kiran kuɗin haya riba. Riba ita ce abin da ya rage bayan an cire komai.

Ya zama wajibi mai gini ya ɗauki biro, ya cire kuɗin gyara, ya cire watannin da ɗaki zai zauna babu kowa, sannan ya ga shekara nawa uwar kuɗinsa za ta yi kafin ta dawo.

Ya zama wajibi 'ya'ya su buɗe baki. Wanda ya ga mahaifinsa zai zuba hakkin shekara 35 na aiki a tubali, ya yi shiru wai kunya, da hannunsa a ciki. Ka durƙusa ka ce, "Baba, a kawo takarda mu lissafa," tun tifar yashi ba ta juye ba.