Kalmar Sirri da Masu Ajiyarta: Abin da Ya Sami Kamfanin Adobe a 2013

A da, sana'ar gyaran hoto a ɗaki mai duhu ake yin ta, da ruwan wanki da ɗan buroshi. Tun da aka fito da manhajar Photoshop a 1990, sai aikin ya koma kan kwamfuta. Shekara da shekaru sayen manhajar nan ake yi sau ɗaya, a ɗora ta, ke nan. Amma a watan Mayu na 2013 kamfanin Adobe ya ba da sanarwa cewa sababbin fitowarta sai dai a karɓa haya, ana biya wata-wata. Ma'anar wannan ita ce, duk mai son gyara hoto da ita lalle ne ya buɗe asusu, watau ya ba kamfanin adireshinsa na imel da kalmar sirri, sau da yawa har da lambar katinsa na banki.

Ba a yi wata shida ba, a watan Oktoba, sai kamfanin ya bayyana cewa ɓarayi sun shiga rumbunsa. Da fari ya ce mutum miliyan 2.9 abin ya shafa, daga baya ya ce miliyan 38. Kundin da ɓarayin suka watsa a intanet kuwa yana ɗauke da bayanai wajen miliyan 150.

Sata ba sabon abu ba ce. Abin dubawa shi ne yadda aka ajiye dukiyar kafin ɓarawo ya zo. Hanya biyu ce ake bi wajen ajiye kalmar sirri. Ta farko, a kulle ta da mabuɗi, kamar kaya a akwati. Wanda ya sami mabuɗin ya sami kome. Ta biyu kuwa, a niƙe ta da lissafi, yadda gero ke zama gari, gari kuwa ba ya komawa gero. In mai asusu ya zo shiga, sai a niƙa abin da ya rubuta, a gwada da garin da ke ajiye. In sun yi daidai a buɗe masa. Ta haka ko ma'aikacin da ke tsaron rumbun bai san kalmar kowa ba.

Wannan dabara tsohuwa ce. A 1979 Robert Morris da Ken Thompson, na ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka, sun buga bayanin yadda suka tsara ta a manhajar Unix. Har suka ƙara wani abu da suka kira gishiri, watau wata lamba da kwamfuta ke zaɓa da ka, ɗaya daga cikin 4,096, ta gauraya da kalmar kafin niƙa, domin mutum biyu masu kalma iri ɗaya garinsu ya bambanta. Sun kuma tattara kalmomi 3,289 da jama'a ke amfani da su, suka tarar kashi 86 cikin 100 masu saukin cinkowa ne.

Bayan shekara 34, kundin da aka sace daga Adobe ta hanyar farko aka ajiye shi, da mabuɗi guda, ba gishiri. Saboda haka duk masu kalma iri ɗaya alamarsu a kundin iri ɗaya ce. Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne, 'yar matashiyar nan da ake sa mutum ya rubuta don ta tuna masa kalmarsa in ya manta, a fili aka bar ta, kowa na iya karantawa. A ce mutum dubu suna da alama ɗaya. In guda daga cikinsu ya yi sakaci ya rubuta matashiya mai tona asiri, to ya tona na sauran 999 ke nan, alhali ba su san shi ba. Da haka masu bincike suka gano, ba tare da mabuɗin ba, cewa kusan mutum miliyan 1.9 kalmarsu ita ce 123456. Sunan manhajar kanta, photoshop, yana cikin goma na farko. Kamfanin ya ce kundin na tsohon tsari ne da ake shirin yin watsi da shi. Wanda ya san ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli na ofis ba zai yi mamakin wannan uzuri ba.

Ɓarnar ba ta tsaya ga hotuna ba, domin mutane da yawa mabuɗi guda suke yi wa kowace ƙofa. Shi ya sa kamfanin Facebook ya bi kundin, ya tilasta wa waɗanda suka maimaita kalmar a wurinsa su sake ta. Ma'aikacin da ya sa kalma ɗaya a manhajar hoto da imel ɗin ma'aikatarsu ya jingina asirin gwamnati ga tsaron wani kamfani da bai taɓa gani ba. Maganin wannan shi ne kowane asusu da tasa kalma, doguwa, sa'an nan a ƙara mataki na biyu, watau lambar da waya ke bayarwa a lokacin shiga.

Akwai kuma ƙofar da mai kwamfuta ke buɗewa da hannunsa, ranar da manhaja ta ƙi tashi, aiki kuma yana jira. A irin wannan hali ne ake miƙa wa mai gyara kalmar asusun shugaba, wanda ke da ikon sauya kome a na'urar, ko a ɗauko kwafin sata daga intanet, wanda shi ma ikon nan yake nema kafin ya zauna. Alhali kuwa sau da yawa ciwon ƙarami ne. Photoshop tana aron fili a faifan ajiya don ayyukanta na wucin gadi, in ya cika sai ta tsaya; share tarkace ya isa. In kuma fayil ɗin zaɓe-zaɓenta ne ya lalace, a kwamfuta mai Windows sai a danne Ctrl da Alt da Shift yayin buɗe ta, ta nemi izinin share shi, ta dawo yadda aka ɗora ta. Duka biyun ana yin su daga asusun ma'aikaci na kullum, yana zaune a kujerarsa yana kallo.