Sawakin, Tsohuwar Ƙofar Alhazai

Garin Sawakin yana gaɓar Bahar Maliya a ƙasar Sudan, kudu da Fot Sudan. A kan ɗan tsibiri aka kafa shi, cikin lungun teku mai ƙunƙuntar mashiga, da duwatsun murjani kuma aka gina benayensa. Turkawa sun mallake shi a ƙarni na 16. Daga nan ne alhazan ƙasar Hausa da Barno kan ƙetara zuwa Jidda.

To, mashigar nan da ta tsare garin ita ta durƙusar da shi, domin ta yi wa manyan jiragen ruwa kaɗan. Da aka buɗe tashar Fot Sudan a 1909, sai fatake suka ƙaura, benaye suka zube. Kufan nan da tsofaffin masallatansa su ne abin kallon baƙo.