FASHIN BAƘI: Yadda ake gyaran tsohon kwale-kwale a gida, da dalilin da ya sa lamarin ya shafi rayuka a Masarautar Daura

Wanda bai san ƙasar Daura ba zai yi mamakin jin ana zancen jirgin ruwa a cikinta. Masarauta ce ta bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, mai ƙarancin ruwan sama, wadda fitaccen labarinta ma na rijiya ne, wato Kusugu. Sai dai madatsun ruwa irin su Sabke da Daberam sun samar da masunta masu kama karfasa da tarwaɗa, kuma sana'ar tasu ta dogara da kwale-kwalen katako.

A watan Mayu na 2022, cikin kwanakin Ƙaramar Sallah, wani kwale-kwale ya kife a Ƙaramar Hukumar Mai'adua, inda aƙalla mutum 15 suka rasu, akasarinsu yara. Watanni kaɗan kafin nan, a ƙarshen Nuwamba na 2021, irin haka ta faru a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi. Duk lokacin da aka yi irin wannan rashi, lodi fiye da ƙima ake fara ambata. Ba a cika tambayar halin da jirgin kansa yake ciki ba, balle wanda ya gyara shi.

Abin da ke kashe jirgin katako

A ƙasashe irin su Amurka, farfaɗo da tsohon jirgin kamun kifi a harabar gida abin sha'awa ne: a sake allon tuƙi, a canja gilashin kare iska, a yi fenti. Masuncin Daura ba shi da wannan sukuni. Jirginsa ba shi da allo ko gilashi, gyaransa kuwa neman abinci ne.

Katako yana kumbura idan ya sha ruwa, yana tsukewa idan ya bushe. A ƙasa mai dogon rani da busasshiyar iskar hunturu, jirgin da aka bari a tudu yakan buɗe a mahaɗar alluna. Ƙusar ƙarfe tana tsatsa, tsatsar kuma tana cin katakon da ke kewaye da ita har ramin ya yi mata yawa. Inda danshi ya daɗe, musamman a ƙasan jirgi da ƙarƙashin mazauni, nan ruɓa ke farawa, sau da yawa daga ciki, alhali waje yana nan sumul.

Gyara na gaskiya da gyaran ganin ido

Gyara mai inganci yana farawa da fito da jirgin a kifa shi a inuwa ya sha iska. Daga nan a kankare tsohuwar kwalta, a bi kowane allo da tsinin wuƙa. Inda wuƙa ta nutse ba wuya, katakon ya mutu, kuma maganinsa kawai a cire shi a sa sabo. Sai a zare ƙusoshin da suka yi tsatsa, a maye su da waɗanda ba sa tsatsa, a cusa auduga ko zare a mahaɗa, sannan a bi da narkakkiyar kwalta. Kafin ya koma aiki, a bar shi a bakin ruwa katakon ya kumbura, a duba ko yana yoyo.

Gyaran ganin ido kuwa shi ne a buga guntun kwano a kan ruɓaɓɓen allo a shafe da kwalta. Yoyon zai tsaya na ɗan lokaci, amma danshin da aka rufe zai ci gaba da ɓarna. Haka ma shimfiɗa faiba a kan jiƙaƙƙen katako: ba ta kamawa, ruwa ya shiga tsakani ya maƙale.

Ga jirage masu inji da sitiyari, ƙa'idar ɗaya ce, wato a fara da ƙasa kafin sama. Idan an zo kan allon tuƙi, wayoyin da suka yi kore a canja su, a sa musu fis, a nesanta su da tankin mai. Gilashin taga na gida kuwa bai dace da gaban jirgi ba, domin idan ya fashe ya zama wuƙaƙe. Roba mai kauri wadda ake gani ta cikinta ta fi aminci, kuma a huda ramin noti da ɗan faɗi, saboda tana buɗewa da zafin rana.

Lissafin da ya kamata fasinja ya sani

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Idan ruwan da ya kai jarka biyar masu lita 20 ya taru a cikin jirgi, an ƙara masa kilo 100 ke nan, kusan nauyin matasa biyu da ba wanda ya ƙirga. Ruwan kuma ba ya zama wuri ɗaya: da jirgi ya karkata, sai ya kwarara can ya ƙara rinjayarsa. Shi ya sa jirgin da ke ɗaukar masunci da komarsa lafiya yake iya nutsewa ranar kasuwa ko ranar Sallah, idan aka mayar da shi na fito. Wannan lissafi yana da amfani ta ɗaya ɓangaren: jarkar da babu komai ciki, a rufe ta gam a ɗaure ƙarƙashin mazauni, tana iya tallafe kusan kilo 20 a ruwa.

Wa ke da alhakin dubawa?

Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ita ke kula da sufurin ruwan cikin gida. Ƙa'idojinta sun wajabta rigar kariya, sun hana lodi fiye da ƙima da tafiyar dare. A 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro ma'aikatar harkokin teku, kuma ministanta Adegboyega Oyetola ya sha kira da a daina amfani da jiragen katako, a koma na faiba ko alminiyam.

Kiran yana da hujja, amma masuncin da ke facin jirginsa da kwano ba don bai san na faiba ya fi ba ne, kuɗinsa ne ba shi da su. Muddin ba a samar da rance ko tallafi ba, jirgin katako zai ci gaba da zama a kan ruwa, kuma a gida za a ci gaba da gyara shi.

Akwai abin da ba ya buƙatar jiran Abuja. Ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango, za su iya haɗa kai da sarakunan ruwa a yi rajistar kowane jirgi, a duba shi kafin damina da kafin Sallah, a rubuta adadin mutanen da zai ɗauka a jikinsa. Daura tana da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, waɗanda za a iya nema su shirya wa kafintoci gajeren horo kan gyaran jirgi.

Ga matasan da ke bibiyar kasafin ƙananan hukumominsu, tambayoyin a fili suke: jirage nawa ne ke kan ruwan yankin, yaushe aka duba su, kuma rigunan kariya nawa aka saya? Amsar ta fi amfani yanzu, kafin wata Sallar ta zo.